Yadda Za Ki Zaɓi Farcen Kantin da Zai Raba Ki da Yankan Albasa

Nafissa matar Zahiru raguwa ce. Ba ciwo gare ta ba, ba ciki ba, ba tsufa ba. Allah ya ba ta hannu biyu lafiyayyu, ita kuwa ta kwashe su ta kai kasuwar Malanbil aka liƙa musu roba, don kawai kada a miƙo mata wuƙa da albasa a gidan surukanta. Na faɗa tun da wuri, kada wani ya ce na yi kwana-kwana.

Sai dai na lura masu irin halinta sun yi yawa, tun daga bakin gada har Madekali, kuma yawancinsu suna yin abin ne babu tsari. In dai za a yi ragwanci, a yi shi da ilimi. Ke mai karanta wannan, ki bi matakan nan yadda Nafissa ta bi su, kada ki tsallake ko ɗaya. Na yi miki alkawari: ba za ki yanka albasa ba, ba za ki kankare kifi ba, hayaƙin murhu ba zai shiga idonki ba. An gwada, an gani.

Mataki na 1: Ki san abin da kike so, ki san abin da kike gudu

Raguwar da ba ta da manufa barci kawai take yi, wannan ba ta cikin lissafinmu. Ke ki zama mai manufa.

Ga manufar Nafissa. An yi wa Latifu, ƙanin mijinta, haihuwar ɗiya mace a Garu. Nafissa ce ta yi masa dalilin matar da ya aura, shi kuma tun ranar ɗaurin aure ya ce in Allah ya kawo mace, sunanta zai sa. Takwara ba ƙaramin abu ba ne. Yarinya za ta tashi da sunanki, kowa ya kira ta ya tuna da ke, ranar aurenta ke ce a gaba. Nafissa ta gaya wa masu sayar da tumatir, ta gaya wa mai awon shinkafa, ta gaya wa matan layinsu kaf, har da wata da suka daɗe ba sa ga maciji da juna. Ta sa tela ya ɗinka 'yar hula, aka rubuta “Nafissa ƙarama” da zare ruwan hoda.

Wannan shi ne abin da take so. Abin da take gudu kuwa jajibirin suna ne. Gidan Inna Barakatu, uwar mijinta, gidan manoman albasa ne, ba a sauke tukunya a can sai albasar ciki ta kusa fin shinkafa yawa. Ranar jajibiri matan gida da matan 'ya'ya suna zama ƙarƙashin rumfa, a zazzage musu buhu, su yi ta yanka suna hawaye suna dariya, ga kifi an kawo daga kogi yana jiran kankara. Nafissa tana son sunan, ba ta son rumfar. Wannan karon kuwa ba damar makara, don Inna ta aiko cewa wadda za a yi wa takwara tun jajibiri za ta zo.

In ke ma haka zuciyarki take, mu je.

Mataki na 2: Ki tafi wurin masu abin, amma kada ki ji shawararsu

A layin masu turare da man shafawa akwai teburin Shamsiyya. Ita ce mai farcen kanti: roba ce da aka yanka surar farce, ki liƙa a kan naki, ki tashi da hannun da ba naki ba. Ta jera su cikin 'yan kwalaye, kowanne da irin fuskarsa. Tsawo da launi wasan yara ne. Fuskar farcen, wato yadda yake karɓar haske, ita ce ke yanke hukuncin ko za ki yi aiki ko ba za ki yi ba.

Nafissa ta zauna a kan benci, ta baje yatsu.

“Ƙawata, wane iri kike so?” in ji Shamsiyya. “Biki ko suna?”

“Suna. A Garu.”

“Garu? To ki ɗauki gajere. Can aiki ake.”

“Shi ya sa na zo wurinki.”

Shamsiyya ta dube ta, ta gane, ta yi dariya har ta dafa tebur. Mai sayarwa takan san gaskiya, kuma wani lokacin takan faɗe ta. Ki bar ta ta faɗa, ki yi abin da kika zo yi.

Mataki na 3: Ki guji mara sheƙi

Na farko da za a nuna miki shi ne mara sheƙi. Dusashe ne, lumus, kamar bayan sabuwar tukunyar ƙasa. In ja ne, daga nesa sai a ce lalle kika sa. Yana da kyau, yana da kunya, ba ya kiran ido.

To wannan shi ne aibinsa. Farcen da ba a gani ba bai cece ki daga komai ba. Za ki shiga gida, tsohuwa ta ce “Madalla, matar Zahiru ta yi ƙunshi,” ta miƙo miki wuƙa. Kin kashe 'yan kuɗaɗenki, kin kuma yanka albasa. Wannan na matan da ke son ado tsakani da Allah ne, ba naki ba ne.

Nafissa ta ture kwalin da bayan hannu.

Mataki na 4: Mai sheƙi da mai farin baki, rabin magani ne

Mai sheƙi yana ɗaukar ido kamar an shafa masa man gyaɗa. Ana ganinsa, amma an saba da shi. Ko 'yan matan Garu suna shafa jan farce mai irin wannan sheƙin, kuma da shi suke tsinkar albasa a fadama. Zai iya raba ki da kifi, ba zai raba ki da wankin shinkafa ba.

Mai farin baki kuwa, wanda jikinsa ruwan fata ne, bakinsa fari fat, ki yi nesa da shi. Yana nuna tsafta. Mace mai farce fari haka ita ake cewa ta zo ta rarraba nama, tunda hannunta ya fi na kowa kyau. Masana sun tabbatar babu abin da ke jawo wa mace aiki kamar a ga alamar tsafta a jikinta.

Mataki na 5: Mai ƙyalli da duwatsu, ki yi tunani

Nan Nafissa ta daɗe. Wannan an barbaɗa masa ƙyalli kamar garin zinariya, an dasa masa 'yan duwatsu. Babu mai hankalin da zai bar shi kusa da tukunya, don in dutse ɗaya ya faɗa miya, haƙorin liman na cikin haɗari.

“Amma fa duwatsun suna zuba,” in ji Shamsiyya. “In kika hau moto daga nan zuwa Garu, rabinsu a hanya za ki bar su. Ki isa can kamar masarar da kaji sunka fara.”

Farcen da ya zube yana jawo tausayi, wadda aka tausaya wa kuwa akan ce ta zo ta zauna cikin mutane ta rage baƙin ciki. Cikin mutane, wato ƙarƙashin rumfa. A ajiye shi.

Mataki na 6: Ki ɗauki mai madubi

A ƙasan tebur Shamsiyya ta ciro shi, don in ta bar shi a sama yana damun maƙwabta. Su suna ce masa kurom. Azurfa ce zalla, kina ganin fuskarki a kowane yatsa. Da Nafissa ta ɗaga ɗaya, haske ya tsallake layi ya sauka a idon wani mai sayar da buta, ya yi salati.

“Wanga na amaren Kotonu ne, masu zama cikin mota,” in ji Shamsiyya. “Ba shi son rana, rana ke son shi.”

“Ba ni mafi tsawo.”

Haka ake zaɓe. Mai madubi ba ya bukatar ki yi bayani. Tun daga ƙofar gida shi zai yi sallama, shi zai ba da uzuri.

Mataki na 7: Ki liƙa shi liƙin da ba ya saki

Manne iri biyu ne. Akwai 'yar takarda mai danƙo gaba da baya, ki liƙa da safe, ki ɓare in za ki yi alwala. Akwai kuma kol, wato gam na kwalba.

“Ki ɗauki takardar,” in ji Shamsiyya. “In abu ya taso, ki cire.”

“Ina hutun salla. Kuma in yana ciruwa, Inna za ta ce in cire.”

“To ga kol ɗina, yana saki da ruwan zafi.”

“Inna tana da ruwan zafi.”

Nafissa ta tashi da kanta ta je bakin kasuwa wurin mai gyaran takalma, ta karɓo wanda yake liƙa dunduniya da shi. Shamsiyya ta ce ba da yawunta ba, amma ta liƙa. Ta ƙara da cewa maganin cire shi yana nan teburinta, kuma babu irinsa a Garu.

“Madalla,” in ji Nafissa.

Ki lura da wannan hikimar. Uzurin da za a iya cirewa ba uzuri ba ne.

Mataki na 8: Ki koyi rayuwa da bayan hannu

Za ki ga wasu 'yan canje-canje. Ba za ki iya ɗaura zane ba sai maƙwabciya ta taimaka. Waya za ta yi ƙara, ki amsa da gwiwar yatsa. Tuwo sai da cokali. In ƙaiƙayi ya kama ki, ki nemi bango.

Zahiru ya ga hannun, ya buɗe baki, ya tuna yana son zaman lafiya, ya rufe. Ya ce shi sai da safen suna zai taho, ta yi gaba.

A kan moton kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ta riƙe kafaɗar direba da tafin hannu, yatsu a sama. Rana ta bugi farce, farce ya bugi madubin moto, madubi ya bugi idon direba.

“Hajiya, don Allah ki sa hannun ga cikin mayafi, kar mu faɗa gonar mutane.”

Kada irin wannan ya karya miki gwiwa. Alama ce kayan suna aiki.

Mataki na 9: Ki ba da uzurinki a gaban shaidu

Ta isa Garu da hantsi. Rumfa ta cika, buhu a zazzage, idon kowa ja. Ramatu, matar babban wan Zahiru, mace mai murya kamar lasifika, ita ta fara ganinta.

“Lale da 'yan birni! Fofo, sannu da zuwa! Ke matar Zahiru, mi na gani haka? Cokulan gidanku kinka liƙa?”

Aka kwashe da dariya. Ki bar su su yi. Mai dariya da wuƙa a hannu ita ce abin tausayi.

Nafissa ta durƙusa ta gaida Inna Barakatu. A gefen tsohuwa ƙaninta Kawu Bukari ne zaune yana ta mita. Shi ke tsaron shinkafar gidan a fadama, ga ta ta fara nuna, tsuntsaye sun sauko garke-garke. Ya ce sun saba da gwangwanayensa, tsofaffin fayafayan CD da ya rataya don walƙiyarsu ta kore su sun dusashe har tsuntsu na sauka a kansu ya huta. Gobe kuma kowa na wurin suna, shi kaɗai za a bari a rana, ko ƙashin rago ba zai gani ba. Ba wanda ya kula shi.

Inna ta amsa gaisuwa, ta dubi hannun surukarta, ta ce, “Ɗiyata, ga wuƙa can.”

Yanzu ki saurara, nan ne gwaninta take. Uzuri uku ake bayarwa, da murya mai laushi, amma yadda kowa zai ji.

“Wayyo Inna, da na so. Amma abin ga ba shi shiga ruwa.”

“To yanka albasa, babu ruwa.”

“Kaifi gare su, Inna, kamar reza. Jiya har kaina na yanka.”

“To cire su.”

“Ba su fita, Inna. Wallahi ko an ja da filaya.”

Inna ta ce, “Kun ji ko?” Rumfa ta ce ta ji. Aka shimfiɗa wa Nafissa tabarma a inuwar darbejiya, aka kawo mata fura. Ta sha, ta ɗauki hoton hannunta, ta duba kwallinta a babban yatsa. Iska tana kaɗawa, warin albasa yana wucewa ta can nesa. A ranta ta ce duk wanda ya ƙirƙiro kurom, Allah ya saka masa.

In da a nan rana ta faɗi, da na rufe darasi.

Mataki na 10: Ki tambayi al'adar gidan kafin ki rantse

Wannan matakin Nafissa ta tsallake shi, domin duk sunan da aka yi a gidan a baya, sai an gama aiki take isowa.

A gidan Inna Barakatu, wadda za a yi wa takwara ita ke yi wa jinjira wankan jajibiri. Ita za ta cuɗa ta, ta shafe ta da mai, ta sa mata kwalli da hannunta. Wadda ta yi wankan, sunanta liman zai faɗa da safe. Haka suka gada, ba su taɓa canzawa ba.

Bayan la'asar aka kawo kwarya da ruwan ɗumi tsakar gida. Maijego ta fito da ɗiya a zane. Latifu yana bakin zaure yana washe baki.

“Matar yaya, taso ga takwararki!”

Nafissa ta taso da sauri, zuciyarta fal, ta miƙa hannu biyu. Hasken yamma ya bugi farata goma, ya watsu a fuskar jinjira. Jinjira ta runtse ido ta tsala ihu. Maijego ta ja da baya, ta rungume abarta.

“Tsaya,” in ji Inna. “Ɗazu kin ce akaifun ga ba su shiga ruwa.”

“Ruwan kifi na ce, Inna.”

“Kin ce kaifi gare su kamar reza.”

“A hankali zan yi.”

“Albasa ba ki yarda ki taɓa ba don kar a yi ɓarna. Fatar jikata ta fi ta albasa ƙarfi?”

Ramatu ta ce, “Ai sai ta cire.”

“Ba su fita,” in ji rumfa baki ɗaya.

Mataki na 11: Kada ki yi ƙoƙarin cirewa

Ta yi. Ta zaga bayan rumbu da butar ruwan zafi, ta tsoma yatsu har suka yi ja. Ta sa man gyaɗa. Ta sa kalanzir. Ta sa haƙori. Na ƙaramin yatsa ya fara ɗagawa, amma tare da nata farcen na Allah, ta saki ƙara ta bari. Mai gyaran takalma mutumin kirki ne, ba ya sayar da jabu.

A tsakar gida Latifu yana roƙo.

“Inna, na yi mata alkawali. A jira gobe a ɗauko magani Malanbil.”

“Kai ka yi alkawali, ruwa bai yi ba. Ga shi yana hucewa. Ɗiyar ga ba ta shiga ranar sunanta da dauɗa. Ramatu, wanke hannunki.”

“Ni, Inna? Ni ko hula ban ɗinka ba!”

“Akwai hula. A warware zaren.”

Ramatu ta wanke hannu da toka da sabulu, ta karɓi ɗiya. Duk da haka da ta kai ta kusa, jinjira ta yi atishawa, mata suka ce to, ta shaƙi albasa, ta zama 'yar gida.

Nafissa ta fito daga bayan rumbu ta tarar ana shafa mai. Ta ɗaga hannu sama tana yarfawa, tana cewa, “Inna, a duba mini! Na gaya wa duk Malanbil!” A kan katanga akwai tsuntsaye jere suna jiran tsabar da za ta zube. Walƙiya ta tashi daga yatsunta ta bi katangar, suka watse fir, ko ɗaya bai saura ba. Kaji ma suka shige ƙarƙashin rumbu.

Kawu Bukari ya miƙe tsaye a hankali, ya cire hula.

“Ɗiyata,” in ji shi, “sake yi.”

Inna Barakatu ta dubi hannun, ta dubi katanga, ta dubi hanyar fadama.

“Ashe dai suna da aikin da sunka iya,” in ji ta.

Mataki na 12: Ki karɓi nasararki

Ki duba alkawarin da na yi miki a farko. Albasa: ba ta yanka ba. Kifi: ba ta taɓa ba. Hayaƙi: ko ƙamshinsa bai kai inda aka ajiye ta ba. Da ta ɗauki mara sheƙi, da ta yi hawayen albasa kamar kowa. Da ta ɗauki mai duwatsu, da an tausaya mata. Mai madubi ne kaɗai ya cika aiki, har ya samo mata matsayin da ba wanda ya taɓa riƙewa a Garu.

Abin da ya biyo baya kuwa ba ruwana. Ban sayar da farce ba, ban liƙa ba, ban san mai gyaran takalma ba. Wadda ta bi matakan nan ta rasa takwara, ko ta rasa farcenta na gaskiya, ko rana ta gasa ta, kada ta zo ƙofar gidana. Ta je wurin Shamsiyya, ita ma za ta ce ta faɗa.

Da safe liman ya yi addu'a, aka yanka rago, aka sanar da suna: Ramatu. Kawu Bukari ya ci nama a inuwa har ya yi gyangyaɗi. Nafissa matar Zahiru ba ta ji sanarwar ba. Tun fitowar rana aka kai ta tsakiyar fadama, aka tsayar da ita a kan kunyar gona, hannu biyu a sama, tana kaɗa wa tsuntsaye yatsu har faɗuwar rana.